ZOMBI: GAWA CE KE TAFIYA, KO RAYAYYE NE AKA RABA DA HANKALINSA?

Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, duk garin da babbar hanyar ƙasa ta ratsa, da wuya a rasa rumfar da samari ke taruwa da dare suna kallon fim, ko a talabijin ko a salula. Cikin finafinan da suka fi jan hankalinsu akwai na «zombi», wato matattun da ke tashi daga kabari suna jan ƙafa, idanu a kafe, suna farautar naman mutane, wanda suka ciza kuma shi ma ya koma irinsu. Yaro kan tambayi mahaifinsa ko haka na faruwa, uban ya yi dariya ya ce ƙaryar Nasara ce. Amma uban nan da ya yi dariya, idan ɗansa ya kwanta da zazzaɓi yana sambatu, ba mamaki shi ne zai fara cewa an kama kurwar yaron. Saboda haka, jama'a masu karatu, mun ga ya dace mu duba wannan al'amari a tsanake: daga ina labarin ya fito, me ilimin jikin ɗan Adam ya ce a kansa, kuma mene ne rabonmu a ciki.

Labarin da bauta ta haifa

Zombi ba a Amurka aka haife shi ba. Asalinsa ƙasar Haiti ce, a tsibiran Karibiyan, inda Faransawa suka tara bayin da aka kwaso daga Afirka suna noma musu rake, har bayin suka yi tawaye suka kafa ƙasarsu a 1804. Masana harshe da dama suna danganta kalmar da harsunan yankin Kwango, inda ake da kalmomi masu kama da ita da ke nufin ruhu ko abin bauta.

A wurin mutanen karkarar Haiti, zombi ba dodo ba ne, abin tausayi ne. Suna cewa wani matsafi da suke kira «bokor», sunan da ya yi kama da bokanmu a kunne, shi ke sa mutum ya mutu, a rufe shi, sa'an nan ya je da dare ya tono shi, ya ɗaure wani sashe na kurwarsa cikin kwalba ko tulu, ya kai gangar jikin gona tana yi masa aiki ba lada. Zombi ba ya ɗaga kai, ba ya gardama, ba ya tuna sunansa, kuma an ce ba a ba shi abinci mai gishiri, domin in ya ɗanɗana gishiri hankalinsa zai dawo. Duk wanda ya dubi wannan siffa ya san hoton bawa ne. Mutanen da kakanninsu suka ɗauki mutuwa a matsayin ƙofa guda ta fita daga bauta, babu abin da ya fi firgita su kamar a ce ko bayan mutuwa ubangida na iya biyo ka. Shi ya sa ɗan Haiti ba ya tsoron zombi ya kama shi. Tsoronsa kada a mayar da shi zombi.

Sojojin Amurka sun mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, kuma a lokacin ne labarin ya tsallaka teku, aka yi fim na farko a kansa a 1932. Zombi mai cin naman mutane da yaranmu ke kallo kuwa, wani mai shirya fim ɗan Amurka, George Romero, ya kafa siffarsa a 1968. Tun daga nan bawa abin tausayi ya rikiɗe ya zama annoba mai yaɗuwa ta cizo.

Kurwa a kwarin Gulbi

A ƙasar Hausa muna da fatalwa, amma fatalwa ba ta da jiki. Abin da ya fi kusa da zombin Haiti a wurinmu shi ne wanda aka ce maye ya kama kurwarsa. A ƙauyukan kwarin Gulbin Maraɗi, daga Tibiri zuwa Gidan Rumji, haka kuma a ƙasar Agye da Caduwa da Gangara, ba wanda bai san yadda ake ba da labarin ba. An ce maye na ganin kurwar mutum kamar kaza ko wata ƙaramar dabba, ya kama ta ya ɓoye, mai ita ya kwanta yana ramewa, ido a buɗe amma ba ya gane kowa. In ba a tilasta wa mayen ya tsallake shi ya saki kurwar ba, sai ta Allah ta kasance. Don haka ake da sarakunan mayu, don haka kuma yaro ke koyon cewa «kurwata kur» tun bai iya ɗaura wando ba.

Wata mai bincike Ba'amurkiya, Pamela Schmoll, ta zauna a wannan kwari, kuma a 1993 ta wallafa abin da ta ji daga bakin mutanensa. Sun gaya mata cewa maita ƙanƙara ce a cikin cikin maye, duwatsu masu rai da ke neman a ciyar da su. Abin lura a bincikenta shi ne, mutane na cewa a da gadon maita ake yi, amma a zamanin kuɗi har sayenta ake yi. Irin wannan magana ba mu kaɗai ke da ita ba. A kudancin Kamaru akwai abin da suke kira «nyongo», inda ake zargin sabon mai arziki da sayar da danginsa su je su yi masa aiki a wata duniyar ɓoye a kan dutsen Kupe. Ɗan kasuwar da ya samu budi cikin ƴan shekaru, ko ma'aikacin da ya gina gidan siminti a ƙauyensu, ya san irin kallon da ake yi masa ranar da wani yaro ya mutu a dangi. Haiti, Kamaru, Maraɗi: tsoron ɗaya ne, kada wani ya ci da ranka.

Shin gawa na iya tafiya?

Bari mu ɗauki zombin fim kamar da gaske ne, mu auna shi a kan abin da likitoci suka sani. Tsokar jiki ba ta motsi sai da makamashi, makamashin kuma ba ya samuwa sai jini ya kai mata abinci da iskar da huhu ya shaƙa. Idan zuciya ta tsaya, jini ya tsaya. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sukan fara mutuwa cikin minti 4 zuwa 6 da yankewar iska, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Tafiya da ƙafa biyu kuwa ba ƙaramin aiki ba ne: tana bukatar ido, da cikin kunne da ke riƙe daidaito, da sashen ƙwaƙwalwa na ƙeya da ke haɗa motsin tsokoki masu yawa a lokaci guda. Mai maye ma da ransa tangaɗi yake yi, balle wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu.

Bayan sa'o'i 2 zuwa 6 gawa takan fara sandarewa, domin tsoka na bukatar makamashi ko don ta saki. Masu wankan gawa sun san wannan fiye da kowa. Idan sandarewar ta wuce bayan kwana ɗaya ko biyu, ba rai ne ya dawo ba, naman ne ya fara ruɓewa. Ƙwayoyin da ke zaune cikin hanji su ke fara cin jikin daga ciki, ƙudaje su zuba ƙwai daga waje, ido ya yi hazo ya daina aiki. Zafi kuma yana gaggauta komai. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, zombin da ya taso daga Agye ba zai kai Gazawa ba, ungulu sun gama da shi a hanya. Jikin da ba ya warkar da rauni, ba ya narkar da abinci, ba ya gumi, ba shi da abin da zai yi da naman da ya ci. Ta fuskar ilimi dai magana ta ƙare: matacce ba ya tashi ya yi tafiya.

Tururuwa da fara

To amma ko akwai halittar da ke ƙwace ragamar jikin wata? Akwai, kuma a nan ne al'amarin ke da ban mamaki. A dazuzzukan Tailan da Barazil akwai wani irin funfuna da masana ke kira Ophiocordyceps, wanda ke shiga jikin tururuwa ya yaɗu. Bayan ƴan kwanaki sai tururuwar ta bar ƴan uwanta, ta hau wani ɗan tsiro har kimanin santimita 25 daga ƙasa, ta ciji jijiyar ganye ta ƙanƙame, ta mutu a nan. Daga bayan kanta sai wani tsinke ya tsiro ya riƙa zubo iri a kan tururuwan da ke wucewa. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa funfunan yana mamaye tsokokin tururuwar ne, bai shiga ƙwaƙwalwarta ba. Fara ma tana da nata irin: akwai funfunan da ke sa ta hau can ƙolin ciyawa ta rungume kara ta mutu, domin iska ta ɗauki irinsa.

Masu shirya fim sun ari wannan suka ɗora wa ɗan Adam. Sai dai kowane irin funfunan nan ya saba da ƙwaron da yake kamawa ne kawai, kuma ɗumin jikin mutum, digiri 37, ya fi ƙarfin mafi yawansu. Abin da za mu riƙe a nan shi ne: ko tururuwar, da ranta ake tuƙa ta. Da ta mutu, motsi ya ƙare. A duk duniyar halittu, mai rai kaɗai ake iya mallakewa.

Mutumin da ya dawo bayan shekara 18

Wannan ya mayar da mu Haiti. Ranar 2 ga Mayu 1962, a asibitin Albert Schweitzer na garin Deschapelles, likitoci suka tabbatar da mutuwar wani manomi mai suna Clairvius Narcisse, aka rufe shi. A 1980 wani mutum ya bayyana a ƙauyensu ya ce shi ne, kuma dangi suka karɓe shi bayan ya faɗi abubuwan da sai ɗan gida ya sani. Ya ce yana jin duk abin da ake yi lokacin jana'izarsa amma ya kasa motsi, aka tono shi da dare aka kai shi gonar rake, ya yi shekara biyu yana bauta kafin ubangidan ya mutu.

A 1982 wani masanin tsirrai ɗan Kanada, Wade Davis, ya je ya sayi garin maganin da matsafan ke haɗawa. Ya tarar suna sa wani kifin teku, ɗan uwan talibamban da masuntanmu suka sani, mai guba da ake kira tetrodotoksin. Gubar tana toshe saƙon jijiyoyi, mutum ya shanye, numfashi ya yi ƙasa har a zaci ya mutu, alhali yana ji. A Japan, inda ake cin irin wannan kifi, an sha ganin haka. Amma da wasu masana suka auna garin da Davis ya kawo, gubar da suka samu ba ta kai ta yi wannan aiki ba, kuma har yau ana gardama a kai. Ko ma dai yaya ne, dokar laifuka da Haiti ta yi tun ƙarni na 19 ta ɗauki shayar da mutum abin da zai sa shi doguwar suma a matsayin sa guba, in har aka rufe shi kuwa, kisan kai ne. Ke nan masu dokar sun gane cewa laifin da ake yi, rayayye ake yi wa.

Akwai kuma tsiro na biyu da Davis ya ce da shi ake riƙe wanda aka tono cikin ruɗu. Ƴan Haiti na kiransa «kokwambar zombi». Mu a nan ba sai an kwatanta mana shi ba, domin ɗan uwansa na tsirowa a kan juji da bayan gida a garuruwanmu: zaƙami ne, wanda ake kira haukata-yaro ko babba-jiji. Ƴaƴansa na ɗauke da sinadaran atropin da sikopolamin. Wanda ya sha, baƙin idonsa ya buɗe, baki ya bushe, jiki ya yi zafi ba gumi, zuciya ta yi ta bugawa, fitsari ya riƙe, ya riƙa tsintar abin da babu shi yana magana da mutanen da ba kowa ke ganinsu ba. Yakan kwana ɗaya ko fiye a haka, in ya farfaɗo bai tuna komai ba, in abin ya yi yawa kuma ba ya farfaɗowa. Samarin da ke jefa shi cikin zoɓo ko kunu a wurin biki da sunan wasa, da ɓarayin da ke ba matafiyi abin sha a tasha, su ne matsafan zombi na gaskiya a ƙasarmu. Ɗan kasuwar da ke yawo da kuɗi tsakanin kasuwannin mako ya kula da abin da baƙo ke miƙa masa.

Abin da likitoci suka tarar

A 1997 likitoci biyu, Roland Littlewood na Ingila da Chavannes Douyon na Haiti, suka wallafa a mujallar likitoci ta Lancet sakamakon duba mutum uku da danginsu suka rantse cewa sun mutu an rufe su, sa'an nan suka dawo a matsayin zombi. Ta farko tana da wani nau'in taɓin hankali da ke sa mutum ya ƙame, ya daina magana. Na biyu yana da farfaɗiya da lahani a ƙwaƙwalwa. Ta uku an haife ta da raunin fahimta. Da aka yi gwajin jini na gano dangantaka, sai aka tarar biyu daga cikinsu ba su haɗa komai da iyalan da suka karɓe su ba. Marasa lafiya ne da ke yawo, iyalai masu ɗacin rashi suka gan su suka ce nasu ne. Tun 1880 ma wani likitan Faransa, Jules Cotard, ya bayyana wata cutar ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya dage cewa shi matacce ne, ya ƙi ci ya ƙi sha.

Haka abin yake a wurinmu. Yaron da ya faɗi cikin damina da zazzaɓi, yana jijjiga, ido ya juye, sau da yawa zazzaɓin sauro ne ya hau masa ƙwaƙwalwa. Wanda wuyansa ya sanƙare cikin rani yana sambatu, sanƙarau ne, cutar da ta kama mutum fiye da 250,000 ta kashe kusan 25,000 a ƙasashen Sahel tsakanin 1996 da 1997. Sunan maƙwabciya da majinyaci ke ambata cikin zafin ciwo ba shaida ba ce. Ƙwaƙwalwar da ta ɗauki zafi tana furta sunan duk wanda ta saba gani.

Haukan kare

Cuta ɗaya ce a duniya ta yi kama da ta fim, kuma tana tare da mu: haukan kare. Ta cizo take shiga. Ƙwayar cutar ba ta bin jini, jijiya take bi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Daga nan ta sauko cikin miyau, ta sa karen ya yi ta cizo domin ta samu sabon gida. Mutumin da ta kama yakan firgita, ya yi ta dalalar da miyau, maƙogwaro ya shaƙe da ya ga ruwa. Da zarar alamun sun bayyana, kusan ba mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Bambancinta da fim shi ne, ba a taɓa tabbatar da mutum ya sa wa mutum ita ta cizo ba, saboda haka ba dalilin gudun majinyaci.

Ga kuma babban bambanci: tana da rigakafi, tun ranar 6 ga Yuli 1885 da Louis Pasteur ya ceci wani yaro a Faris. Wanda kare ya ciza, a wanke ciwon da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita a ranar domin a fara allura, kada a jira a ga abin da karen zai yi. Mai kare kuma ya kai shi wurin ma'aikatan kula da dabbobi a yi masa tasa allurar. Ciwon cizon kan warke cikin mako guda, a manta da shi. In yaron ya tashi da firgita bayan wata biyu, sai a ce iskoki ne ko maita, alhali kare ne.

Inda asarar take

Masu iya magana sun ce in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Ba wanda zai raina ɗacin uwar da ta rasa ɗa, kuma ba wanda zai hana ta neman dalili. Amma zargin maita asara biyu yake jawowa gida. Ta farko, kwana biyun da aka ɓata ana neman wanda zai tsallake majinyaci, su ne kwana biyun da allura za ta cece shi. Ta biyu, wadda aka nuna wa yatsa, sau da yawa tsohuwa ce marar gata ko kishiya ko baƙuwa, kuma tabon ba ya gogewa: a guje ta a bakin rijiya, a ƙi auren ƴaƴanta, jikokinta su gaji sunan.

Ma'aikacin da aka tura ƙauye, ko malamin makaranta ne, ko na gidan gona, ko na asibiti, ana sauraren maganarsa. Ɗan kasuwa kuma shi ke da mota ko babur ɗin da zai kai yaro gidan likita na Agye, ko na Gidan Rumji, ko babban asibitin Maraɗi, kafin gari ya waye. Idan aka zo muku da labarin wanda aka kama wa kurwa, ku fara da tambaya uku: yana da zazzaɓi? Me ya sha? Kare ya taɓa cizonsa? Addu'a da magani ba sa karo, ana iya yin ta a cikin motar da ke kan hanyar asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyashe mu da ɗaukar alhakin wanda bai ji ba bai gani ba.